Yadda Aka Koya wa Babur Jin Santsi

Ruwan farko na damina shi ne lokacin da garejin kawuna ya fi cika. Mamakon watan Agusta bai cika kawo mana aiki ba, domin kafin lokacin ruwa ya wanke titi tas. Mai kawo aiki shi ne yayyafin nan na farko da ke sauka a kan kwaltar da ta yi wata bakwai tana shan ƙura da baƙin mai. Kafin la'asar za ka ga ana turo babura, wannan madubi ya fashe, wancan hannun birki ya karye, mai shi yana ɗingishi, gwiwar wando a yage. Kawu ba ya tambayar abin da ya faru. Zai dubi gefen da fenti ya goge, ya shafa tayar baya da babban yatsa, sai ya ce, "A kwana ka ba shi wuta." Mutumin zai rantse cewa a hankali yake tafiya, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Gudu bai kayar da shi ba. Ya murɗa totur ne a daidai lokacin da taya ba ta da sauran riƙon da za ta bayar.

A wannan garejin na tashi, ina miƙa sifana ina wanke kafireta da fetur a gwangwanin madara. Da na kai ajin ƙarshe a karatun injiniya aka ce kowa ya kawo aikin da zai kammala da shi, ban yi dogon tunani ba. Na ce zan haɗa na'urar da za ta ji tayar baya ta fara zamewa, ta rage wa injin wuta kafin mai tuƙi ya ankara. Da na shiga binciken waɗanda suka riga ni, sai na tarar mutane sun shekara sama da hamsin suna kokawa da wannan tambayar, kuma ba a kan babur aka faro ba.

Duk nauyin babur da mai tuƙi da fasinja da buhun da aka ɗaure a baya yana tsaye ne a kan tafin roba biyu, kowanne bai wuce faɗin katin cirar kuɗi ba. Riƙon da wannan ɗan wuri yake da shi kamar kuɗin cefane ne: abin da ka kashe wa kwana ba za ka sake kashe shi wa gudu ba. Idan babur ya kwanta a kwana, ya riga ya cinye mafi yawan riƙon, ɗan ƙarin wuta kaɗan ya isa ya ƙarasa sauran. Akwai kuma wani abu da ya ɗaure min kai ranar da na fara karanta shi. Taya ba ta ja da cikakken ƙarfinta sai tana ɗan zamewa. A busasshiyar kwalta, riƙon yana kai ƙololuwa ne idan tayar baya tana juyawa fiye da tafiyar babur da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Daga nan in aka ƙara, riƙon ya fara zubewa. Wato aikin na'urar ya wuce hana santsi kawai. Dole ta bar taya ta zame gwargwado, ta tsare ta a bakin iyaka.

Jiragen sama ne suka fara matsa wa injiniyoyi lamba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirage sun ƙara nauyi da gudu, kuma matuƙin da ke zaune can sama ba ya jin abin da tayoyinsa ke yi a jiƙaƙƙen titin sauka. Ya taka birki da ƙarfi, taya ta ƙame, roba ta goge a wuri guda, ta fashe. A farkon shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata na'ura mai suna Maxaret, kuma har yau ina jin daɗin tuna yadda take aiki, domin babu waya ko ɗaya a cikinta. Wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi ne yake juyawa tare da taya. Idan taya ta tsaya farat ɗaya, faifan saboda nauyinsa ba ya iya tsayawa nan take, sai ya zarce gaba, wannan zarcewar ta buɗe wata 'yar ƙofa, man birki ya koma baya, birki ya saki, taya ta sake juyawa. Da na zana wa kawu wannan a ƙasa da tsinke, sai ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce duk wanda ya ƙirƙiri wannan bakanike ne na gaske.

A 1958 hukumar binciken hanyoyi ta Ingila ta ɗaura Maxaret a kan wani babur ƙirar Royal Enfield Super Meteor, aka gwada shi a wurare masu santsi, kuma ya yi aiki. Kamfanin bai ga kasuwa a ciki ba, aka ajiye maganar. Sai da aka ƙara shekara talatin cif kafin wani ya shiga shago ya sayi babur mai irin wannan birki. Motoci ne suka ci gajiyar wannan tsakanin: Buick ta Amurka ta saka na'urar rage wuta mai suna MaxTrac a 1971, Mercedes da Bosch suka fito da birkin ABS na lantarki a 1978. Babur ya tsaya jira saboda dalilai biyu, nauyin kayan da kuma kwanciyar da yake yi a kwana. Mota mai ƙafa huɗu in ɗaya ta zame akwai uku. Babur ba shi da wannan rarar.

BMW ce ta karya lagon abin a 1988, da ta saka ABS a kan K100. Kayan sun kai kilo 11, don haka babban babur na doguwar tafiya ne kawai zai ɗauke su ba tare da ya ji a jikinsa ba. A 1992 Honda ta ƙara taki guda a kan ST1100. Tunda dai an riga an saka na'urar auna juyawar kowace taya domin birki, sai aka yi amfani da ita wajen kwatanta gaba da baya. In baya ta fi gaba gudu fiye da kima, injin ya rage wuta. Wannan dabarar ita ce uwar duk abin da ya biyo baya, kuma ita ce na zo na kwaikwaya a garejin kawu bayan shekaru masu yawa.

Amma inda aka fi zubar da gumi da jini a kan wannan magana shi ne filin tsere. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, baburan gasar duniya masu injin 500cc suna da nauyin da bai wuce kusan kilo 130 ba, ƙarfinsu kuwa ya haura na doki 160. Injin nasu irin mai cin fetur gauraye da baƙin mai ne, wanda ƙarfinsa ba ya zuwa a hankali. Yana nan shiru-shiru, sai ya zubo gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar ruwa. Mahayi yana fitowa daga kwana, babur a kwance, ya murɗa hannu, tayar baya ta fara fita gefe. Idan ya tsorata ya saki totur farat ɗaya, tayar sai ta cafki kwalta da ƙarfi tana karkace, babur ya miƙe zumbur ya yi tutsu, ya cilla mahayin sama ta kansa. Wannan faɗuwar ta fi ta zamewa ƙasa muni nesa ba kusa ba, domin mutum yana tashi sama ne ya dawo da kafaɗa ko ƙugu, wani lokaci babur ɗin ya biyo shi. Gwanayen wancan zamani, irin su Wayne Rainey da Kevin Schwantz da Mick Doohan, da tsintsiyar hannunsu suke yin aikin da na'ura ke yi yau. Suna barin taya ta zame, suna riƙe ta a haka da ɗan motsin da ido ba ya gani. Zamanin ya ci su da tsada. Doohan ya karya ƙafar dama a Assen a 1992, saura ƙiris a yanke ta, har daga baya aka mayar masa da birkin baya zuwa babban yatsan hannu. Rainey, zakaran duniya sau uku a jere, ya faɗi a Misano ta Italiya a watan Satumba na 1993 yana kan gaba a tsere, bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

A 1992 injiniyoyin Honda suka yi wata dabara a kan NSR500 wadda na fi so a duk wannan tarihin. A da, fistin huɗun injin suna bugawa ne a rarrabe cikin zagaye, ƙarfi yana zuwa wa taya ba ƙaƙƙautawa. Sai suka tattara bugun huɗun gaba ɗaya cikin kusan digiri 70 na juyin injin, ragowar zagayen kuma babu bugu. Ƙarar babur ɗin ta canza, ta koma ruri mai kauri, har abokan gaba suka gane an yi wani abu tun kafin a faɗa musu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tayar tana samun ɗan hutu tsakanin bugu da bugu, ta sake kama ƙasa, mahayin kuma ya fi jin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa daka a turmi ya san bambancin. Ba su rage ƙarfin injin don kare taya ba, lokacin zuwansa suka gyara.

Daga 2002, da gasar ta koma manyan injuna masu bugu huɗu, kwamfuta ta shiga tsakanin hannun mahayi da injin. A 2006 Yamaha ta sayar da R6 wanda totur ɗinsa ba ya jan bakin iska kai tsaye da waya. Mahayi yana faɗa wa kwamfuta abin da yake so ne, ita ta buɗe gwargwadon abin da ta ga ya dace. Ducati ta kawo na'urar tsere zuwa titi a kan 1098R a 2008, da matakai takwas da mutum zai zaɓa. BMW S1000RR ya zo da wadda ke auna kwanciyar babur, Bosch kuma a 2013 ta haɗa wannan awon da birki a kan KTM 1190 Adventure. Abin ya yi nisa har masu shirya gasar duniya suka ga kamfani mai kuɗi yana cin tsere da manhaja, sai a 2016 suka tilasta wa kowa amfani da akwati ɗaya da manhaja ɗaya ta Magneti Marelli.

Ni kuwa abin da nake da shi tsohon Boxer ne wanda ƙarfinsa bai kai doki 10 ba, da allon Arduino, da 'yan na'urorin jin maganaɗisu da na saya a Sabon Gari. Waɗannan 'yan abubuwa masu ƙafa uku, da ba su kai ƙwayar wake ba, suna aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano tun 1879. Shi kuma Arduino a garin Ivrea na Italiya aka ƙirƙire shi a 2005 domin ɗalibai. Abin da BMW ta ɗora wa kilo 11, ƙwaƙwalwarsa yanzu tana shiga aljihun riga.

Na fara da maganaɗisu ɗaya a kowace taya. Lissafi ya nuna min wannan ba zai yi ba. A gudun kilomita 40 a awa, taya tana juyawa kamar sau shida a daƙiƙa, wato na'urar tana samun labari sau shida kacal. Kafin labari na gaba ya iso, mutum ya kai ƙasa. Ina zaune ina ƙirga maganaɗisu nawa zan manna a jikin wili, kawu ya zo ya tsaya a kaina.

"Kai ɗan nan, me kake nema ne? Abin da zai ƙirga maka juyi?"

Na ce, "E, Kawu, amma sau da yawa a kowane zagaye."

Ya ƙwanƙwasa faifan cen na baya da sifana. "Ga haƙora nan wajen arba'in Allah ya ba ka. Ƙirga su mana."

Haka aka yi. Muka kafa na'urar a kan wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwasa da hannunsa, tazararta da haƙoran ba ta wuce kaurin ashana ba, da maganaɗisu a bayanta. Don tayar gaba kuma ya ɗauko tsohon faifan cen daga tarin ƙarafa, ya faɗaɗa cikinsa, ya ɗaure a jikin cibiyar taya. Daga baya na lura baburan kamfani ma wani zobe mai ramuka gommai suke sakawa a jikin faifan birki, aikinsu ɗaya da namu.

Rage wutar shi ne ya fi ba ni wuya. Babur mai kafireta ba shi da kwamfutar da za ka roƙa ta rage mai. Hanya ɗaya ce: ka hana fulogi tartsatsi. Akwatin CDI yana da wayar da makulli ke haɗawa da jikin babur idan za a kashe injin, sai na sa Arduino ya riƙa taɓa wannan wayar na ɗan ƙiftawar ido, ya sace bugu ɗaya cikin uku, in santsin ya ƙaru ya sace ɗaya cikin biyu. Ranar da muka fara tayar da injin, allon ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa da kansa. Mako biyu ina bin manhaja layi-layi, ashe matsalar a iska take. Kwayil yana harba dubban bolt zuwa fulogi, kowane tartsatsi yana watsa hayaniyar lantarki da siraran wayoyina ke kamawa kamar eriyar rediyo. Sai da na canza hular fulogi zuwa mai rage wannan hayaniya, na murɗa wayoyin bibbiyu, na raba allon da wutar babur ta hanyar wata 'yar na'ura mai isar da saƙo da haske, na rufe komai a akwatin ƙarfe, sannan ya natsu. Akwai kuma fetur ɗin da ya shiga injin bai ƙone ba. Yana wucewa salansa, ya tarar da zafi, ya fashe da ƙara kamar bindiga. Yaran gareji sun riƙa taruwa don jin wannan.

Mun yi gwajin farko a wani filin ƙwallo na bayan gari, da sassafe, bayan an kwana ana ruwa. Babban yaron kawu ne ya hau, da hular kwano da tsohuwar rigar fata. Ƙasar jar laka ce mai sulɓi. Da na'urar a kashe, yana ba shi wuta a giya ɗaya baya ta fita gefe, laka ta tashi, ya sa ƙafa ya tare. Na kunna makunnin. Ya murɗa totur har ƙarshe, injin ya yi tari, ɓat-ɓat-ɓat, salansa ta harba sau biyu, babur ya miƙe ɗoɗar ya tafi a kan layi ɗaya. Sawun tayar a laka ma ya bambanta: na farko rami ne mai faɗi a karkace, na biyu siriri, zanen robar yana fitowa a jikinsa. Na daɗe a tsugune ina kallon sawun nan biyu, ƙirjina yana bugawa.

Da muka koma wajen da yashi yake, sai labari ya juya. Babur ya shiga rairayi, tayar baya ta fara juyawa, na'urar ta ga santsi ta yanke wuta, ya tsaya cak ya nutse. Yaron ya sauko yana girgiza kai. Ya ce, "Yaya, a yashi ai dole ka bar ta ta haƙa. In ba ta watsa ƙasa ba, ba za ta fita ba." Gaskiya ya faɗa. Kashi 10 da ke ceto a kwalta shi ne ke binne ka a rairayi, inda taya ke tafiya ta hanyar tura ƙasa baya. A nan na fahimci dalilin matakai takwas na Ducati, da dalilin da ya sa baburan daji suke da maɓallin kashe na'urar ɗungurungum. Gane cewa taya tana zamewa abu ne mai sauƙi, ɗalibi da kuɗin aljihunsa ya yi shi. Sanin santsi nawa ya dace da wannan ƙasar, a wannan kwanar, da wannan lodin, shi ne ya ci wa kamfanoni shekaru, kuma shi ne ɗan acaɓar da ya shekara goma yana bin lungunan unguwa yake ɗauke da shi a hannun dama ba tare da ya iya faɗar sa da baki ba. Kwana ma ta ba ni nata darasin: idan babur ya kwanta, taya tana tafiya a gefenta inda da'irar ta fi ƙanƙanta, kuma gaba da baya ba siffa ɗaya gare su ba, sai lissafin ya nuna santsin da babu shi.

Abin da ya fi damuna ya zo ne bayan na kammala, da na koma gareji na zauna ina kallon baburan da ake turowa da idon da karatu ya buɗe. Na fara tambayar masu su dalla-dalla. Akwai waɗanda wuta ta kayar a kwana, kamar yadda kawu ke faɗa. Amma da yawa birki ne: akuya ta gifta, ko mota ta buɗe ƙofa, mutum ya damƙe na gaba a kan yashin da iska ta tara a bakin titi, tayar gaba ta ƙame, kafin ya ce wani abu yana ƙasa. Ƙaramin injin ba shi da ƙarfin da zai yawaita juya tayar baya a busasshiyar kwalta. Da za a ce in zaɓa wa ɗan acaɓa na'ura ɗaya, birkin da ba ya ƙamewa a ƙafar gaba zan zaɓa, in bar tawa.

Nan ne kuma tarihin ya tsaya a inda bai kamata ba. Tarayyar Turai ta wajabta ABS a kan sababbin babura daga 2016, Indiya ta bi sahu a 2019, amma dukkansu sun ja layin dole ɗin ne a sama da 125cc. Ƙasa da layin nan kuwa nan ne Boxer yake, da Jincheng, da zuriyar Honda CG125 da aka ƙera tun 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma gyara sai na bakin titi. Waɗannan su ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, su ke ɗauko yara huɗu daga makaranta, su ke fito da tumatir daga fadama. Fasahar ta sauko daga jirgin sama zuwa mota, daga mota zuwa babur ɗin masu hali, ta zo daidai kan talaka ta ja birki. Na san dalilin farashi ne, na kuma san ABS yana son birkin faifai mai aiki da mai, alhali yawancin namu na ganga ne da ake ja da waya. Sai dai na ga da idona cewa ƙwaƙwalwar abin ta yi arha har ɗalibi yana iya sayen ta, don haka ba na karɓar cewa ba zai yiwu ba.

Akwatin yana nan a garejin kawu, a kan kanta, tsakanin gwangwanin giris da tsofaffin fulogai. Ya hana a cire faifan da ya ɗaura a tayar gaba na tsohon Boxer ɗin. A daminar bara wani sabon yaron gareji, ɗan shekara goma sha huɗu, ya tambaye shi amfanin haƙora a ƙafar da ba ta da cen. Kawu ya aiko a kira ni, ya ce in zo da allon da wayoyin, yaron yana son ya ga yadda ake ƙirga su.